Layar Da Na Ƙona

Na daɗe ina so in faɗi wannan abu, har bakina ƙaiƙayi yake yi. Na sha farawa da baki, sai kuka ya tare ni a tsakiya, ko wata ta katse ni da "ai mun sani". Ba ku sani ba! Yanzu da na iya haɗa baƙi da kaina, a bayan takardar buhun siminti na koya, to zan zauna in zayyana shi tun daga tushe, ba mai katse ni.

Shekarar babban farin nan ce. Muna zaune a wata 'yar tashar jirgin ƙasa kusa da Birniwa, maigidana leburan layin dogo ne. Mu Kirista gida shida ne kacal a wurin, duk aikin reluwe ne ya kawo mu. Majami'armu ɗakin zana ce da tsohon kwano a kai. Sauran gari Musulmi ne, Hausawa da Mangawa, ga Fulani can bakin fadama. Muna zaman lafiya, amma irin zaman da kowa ya san inda tabarmarsa ta tsaya.

A shekarar kogin Haɗeja bai cika ba, balle ya malalo fadama. Inda ake yankan shinkafa ƙasa ta dare, sai ƙafar akuya ta faɗa. Mata suna tonon bado a busasshen tafki, shanu suna faɗuwa a hanya ba mai waiwayarsu. Ana cikin haka zazzaɓi ya ɗauke mini ɗana, watansa huɗu. Ɗan fari ne, ba a so a ga uwa tana birgima a kansa, sai na haɗiye. Amma nono bai san an yi mutuwa ba. Ya cika ya yi tauri kamar dutse, ina ɗaure shi da zane yana jiƙa zanen.

Rana ta tara na ce in na ƙara wuni a ɗakin nan zan haukace. Maigidana ya tafi gyaran layi can gaba, sai ya kwana uku. Na ɗauki tuluna na nufi tasha, don dama ruwan sha nake sayar wa fasinja in jirgin Kano ya tsaya. Jirgi ya zo, ya yi abin da zai yi, ya wuce Nguru. Mutane suka watse. Ina jujjuya tulu zan ɗauka sai na ji wani ɗan sauti bayan katakon layi da aka jibge, kamar ɗan kyanwa. Na leƙa.

Jaririya ce, ba ta fi wata biyu ba, an naɗe ta cikin baƙin tsumman saƙi, an ajiye ta a inuwa. Leɓenta ya bushe, maɗigarta ta faɗa ciki. Ko kukan kirki ba ta iya yi. A wuyanta akwai 'yar laya guda ɗaya, jar fata, da igiya.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na tsuguna na kwance zane na sa mata nono a baki. Da farko ba ta kama ba. Na matsa mata a harshe, na ce, "Ya Ubangiji, kada ka nuna mini biyu a wata ɗaya." Sai na ji ta ja. Kai! Wanda bai taɓa shayarwa ba ba zai gane ba. Har cikin ƙashin bayana na ji.

Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Abin da ya kamata in yi, kowa a ƙasar nan ya sani: in ka tsinci ko akuya ce, ƙofar Bulama za ka kai, wato mai garin, a yi cigiya. Na sani sarai. Amma sai na goya ta, na rufe da mayafi, na bi ta bayan gidaje na shige ɗakina. Tulun ma a tasha na bar shi.

Wadda ta fara gani ita ce matar mai bishararmu, mai bishara shi ke mana wa'azi ran Lahadi. Dattijuwa ce, Mama muke ce mata, kullum sai ta leƙo ni tun da aka yi rasuwar. Ta ɗaga asabari ta tsaya cak.

"Ke 'yar nan, wannan fa?"

"Mama, tsinta na yi."

"Tsintuwa? Mutum ake tsinta kamar kwabo?"

Na ba ta labari. Ta zauna, ta karɓi yarinyar, ta taɓa maɗigar, sai ga hawaye. Ta ce Ubangiji ne ya ga wadda ba ta da uwa, ya ga wadda ba ta da ɗa, ya haɗa. Ta tashi ta dama mini kunun da ita kanta ba ta da shi isasshe. Ina faɗin wannan don kada wani ya ɗauke ta muguwa. Ba muguwa ba ce.

Da za mu yi wa yarinyar wanka ne ta ga layar.

"Cire wannan," ta ce. "Ɗan da zai kwana a gidan masu bi ba ya kwana da irin wannan a wuya. Tsaronta yana wurin Ubangiji, ba a cikin fata ba."

Haka aka koya mana, kuma haka na gaskata, har yau ban sa wa kowa laya ba. Amma Mama cirewa kawai ta ce. Ni ce na yanke igiyar da reza, ni ce na juya na ga murhu yana ci, ni ce na jefa. Fatar ta nannaɗe, ta yi wari, ta zama baƙi. Ina kallo ina ce wa kaina don bangaskiya na yi. Can ƙasan zuciyata kuwa wani abu yana cewa, yanzu ba abin da ya rage a jikinta na wasu.

Kwana uku ban fita ba. Ta fara buɗe ido, kukanta ya yi ƙarfi. To, kukan ne ya tona ni. Gidan da kowa ya san an binne jariri, a ji jariri yana tsala kuka?

Maigidana ya dawo da hantsi, ƙura har gira. Ya ga abin da ke cinyata, ya ajiye digarsa a hankali.

"Kin kai wa Bulama?"

Na girgiza kai.

"Kwana nawa?"

"Uku."

Ya dafe kai. "Ke! Kin san sunan da za a sa wa wannan? Satar mutum. Za a ce Kirista sun fara ɗauke 'ya'yan Musulmi. Ba ke kaɗai za ta shafa ba."

Bai rufe baki ba muka ji sallama a waje. Wakilin Bulama ne. Ya ce ana nemanmu, da mu da abin da ke kuka.

A hanya Mama ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. "In an tambaye ki, tsumma kawai kika gani. Kin ji? Ki tuna mu gida shida ne."

Ƙofar Bulama cike take, maza a gindin tsamiya, mata sun tsaya nesa ta jikin danga. Bulama yana kan buzu, liman a gefensa, wani siririn tsoho mai lumshe ido kamar yana gyangyaɗi. Muka durƙusa. Maigidana ya yi gaisuwa, ya ba da haƙuri, ya ce ba ya gari, kuma matarsa ciwon rashi ne ya ruɗa ta.

Bulama ya ce, "Ita za ta yi magana. Ke, a ina kika same ta?"

"Bayan katako, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ki kawo ta?"

"Na ji tsoron a karɓe ta."

Wani ya yi tsaki. Bulama ya ɗaga hannu. "Da me kika same ta? Za a yi cigiya, sai da alama."

Na miƙa tsumman. Aka juya shi, aka ce irinsa kowace Bafulatana tana da shi. Sai liman ya buɗe ido ya ce a matso masa da yarinyar. Ya sa yatsa ya ɗaga haɓarta. Igiyar ta bar ɗan zane a wuyan, siriri, ni ban ma lura ba.

"Wannan wuyan ya ɗauki igiya," ya ce. "Ina take?"

Ina jin numfashin Mama a bayana. Maigidana bai san zancen laya ba, ya juyo yana kallona. Da na ce haka na gan ta, ba mai shaida. Abin da ya zo mini shi ne, kwana uku ina roƙon Ubangiji ya bar mini yarinyar nan, yanzu kuma in riƙe ta da ƙarya, gobe da wane baki zan roƙe shi?

"Allah gafarta Malam, laya ce. Na yanke."

"To kawo."

"Na sa a wuta."

Wurin ya kaure. Salati ta ko'ina. Wani ya miƙe tsaye yana nuna ni da sanda, "Sunan Allah ta ƙona! Kun ji da kunnenku!" Wani ya ce a tashe mu daga garin gaba ɗaya. Daga cikin mata na ji an ce a ƙwace yarinyar tun ba ta jefa ta a murhun ita ma ba. Na ƙanƙame ta, ta fasa kuka. Maigidana ya matso ya tare gabana, ina ganin gumi yana bin ƙeyarsa.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya jira har suka gaji.

"Kin buɗe kin ga abin da ke ciki?"

"A'a."

"To ba ki san abin da kika ƙona ba. Wannan tsakaninki da Allah. Amma bari in gaya miki wanda ya shafe mu. Dukawan da ke ɗinkin laya daga nan har Kaugama ba su da yawa, kowa da irin ɗinkinsa. Malaman da ke rubuta wa Fulanin fadama duk na san hannunsu. Da kin kawo ta, kafin la'asar mun san rugar da yarinyar nan ta fito. Wanda ya ajiye ta bai bar mata komai ba sai hanyar komawa gida, ke kuma kin ƙona."

Zagin da aka yi mini duka bai shige ni kamar wannan ba. Don gaskiya ce, kuma na san na so hakan.

Bulama ya ce to, yarinya 'yar Musulmi ce, wa zai karɓa? Masu goyo a garin ba su fi uku ba, kuma kowa ya san yadda 'ya'yansu suka koma. Aka kira ɗaya, ta zo tana jan ƙafa, ta ce, "Ranka ya daɗe, nawa ma tsotson iska yake yi." Aka ce madarar shanu. Wani tsoho ya ce, "Waɗanne shanun?" Har wasu suka yi 'yar dariya mara daɗi.

Liman ya ce, "Nonon matar nan ya riga ya shiga cikinta. Ko mun so ko mun ƙi, uwarta ce ta shayarwa. Ba a raba wannan da hayaniya."

Bulama ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke. Yarinya za ta zauna a hannuna don nono. Amma tunda ni na ɓatar da alama, ni zan zama alamar: duk ranar kasuwar Birniwa zan goya ta in tsaya kusa da mai shela, daga hantsi har kasuwa ta watse, har sai masu ita sun fito. Duk wanda ya zo da'awa, sai ya faɗi wani abu na jikinta kafin a kwance goyo.

"Kuma kada a sa mata ruwan baftismar nan naku," ya ce wa maigidana.

"Ranka ya daɗe, mu ba ma yi wa jariri. Sai mutum ya girma ya ce yana so."

"To madalla. Ku tashi."

Muka koma gida tare da Mama. A bakin ƙofa ta ce, "Kin kusa sa a ƙone mu." Can kuma ta ce, "Ni ce na ce ki yi ƙarya. Allah ya gafarta mini." Washegari ta kawo kunu kamar kullum.

Kasuwar nan kuwa, hmm. Mai shela wani gajere ne mai bakin tsiya, yana da 'yar ganga. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga ta nan, sarauniyar murhu! Jama'a kowa ya riƙe wuyansa!" Masu daddawa su kwashe da dariya. Sannan ya buga ganga: "Cigiya! An tsinci 'ya mace a tasha! Mai ita ya zo da alama!" Ni kuwa ina tsaye, rana tana dukana, duk macen da ta nufo mu sai in ƙara ɗaure goyon. Da safe in yi addu'a a sami danginta, don haka ya kamata in roƙa. Da na isa kasuwa kuma in ji ina cewa, kada dai yau, kada dai yau. Ban san wacce Ubangiji yake saurara ba.

Mako ya bi mako. Yarinya ta yi kumatu, ta fara dariya. Masu daddawar da ke mini ba'a suka koma ba ni kujera, wata Bamangiya ma kullum sai ta ce mini "wushe", wato sannu, ta miƙo mini ɗan ƙuli. Har na fara sakin jiki.

Ran nan wajen azahar sai ga wata tsohuwar Bafulatana, doguwa, ƙashi da fata, ta ɗauko busassun fatun shanu biyu za ta sayar. Ta ji shela ta tsaya. Ba ta kalli mai shela ba, bayana take kallo. Ta ajiye fatun.

"A tasha?" ta ce. "Bayan itatuwan jirgi?"

Ba a taɓa faɗin katako a shela ba.

Mai shela ya ce, "Inna, alama tukuna."

"Ƙarƙashin hammatarta ta hagu akwai baƙin tabo, kamar ƙwayar wake."

Kullum sai na wanke tabon nan. Na kwance goyo da hannuna, na ɗaga ɗan hannun, kowa ya gani.

Ashe kakarta ce, uwar ubanta. Uwar yarinyar ta rasu a hanya, shanunsu sun ƙare, ba ɗigon nono a rugar. Uban ne ya kai ta tasha ba da sanin tsohuwar ba, wai ko wani mai hali daga jirgin Kano zai ɗauka. Tana faɗa tana shafa yarinyar, kai, kunne, ƙafa. Da ta zo wuya sai ta tsaya.

"Ina layar?"

Mai shela ya buɗe baki, na riga shi. "Inna, ni na ƙona ta."

Ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba. "Daga wuyan uwarta na cire ta, ranar da muka rufe ta. Ni na ɗaura wa wannan." Ta tofar da yawu a gefen ƙafata. Ta fizge yarinyar, ta goya da tsumman da ke kafaɗarta, ta juya ta tafi. Fatun ma ba ta ɗauka ba.

Ba wanda ya tare ta, hakkinta ne. Ni dai na ga ƙafafuna suna binta. Ta ratsa 'yan gishiri, ina biye. Ta wuce turken awaki, ina biye. Yarinya ta fara kuka, lokacin shanta ya yi, rigata ta jiƙe sharkaf. Tsohuwar ba ta waiwayo ba har muka fita gari, muka kama hanyar fadama, ba kowa sai kaba da rana. Kukan ya koma shiɗewa. Na ce, "Inna, don Allah." Ba ta tsaya ba. Na ce, "Ki bari ta sha ko sau ɗaya, sai ku tafi."

Sai a gindin wata goriba ta tsaya. Ta sauke ta, ta zauna, ta sa mata nata nonon, fata kawai. Yarinyar ta kama, ta saki, ta ƙara ƙwalla ƙara. Sannan tsohuwar ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba.

Na shayar da ita a nan, tsohuwar tana zaune tana kallon yadda maƙogwaron ke motsi. Har yarinya ta yi barci.

"Mu kudu za mu," ta ce daga baya. "In na tafi da ita, kwana biyu ba za ta yi ba. Riƙe ta. Ba ba ki na yi ba, ajiya ce. Ran da ciyawa ta dawo fadamar nan za mu dawo, zan zo in ɗauki abata." Ta faɗa mini sunan yarinyar, ta sa na maimaita sau biyu. Ta miƙe, ta karkaɗe zane. "Layar kuwa ban yafe ba."

Na ce, "Na ji, Inna. In kun dawo ba ki gan ni ba, ni zan neme ki."

Ban san me ya sa na faɗi haka ba, ba wanda ya tilasta ni. Amma na faɗa.

Yau yarinyar shekararta huɗu. Tana bina majami'a tana tafi, in ta ga liman a hanya kuma ta ruga ta durƙusa, shi ya ba ta dabino. Ruwa ya dawo, kogi ya malala damina biyu a jere. Fulani sun dawo fadama, amma tsohuwar ba ta zo ba. Bara na goya yarinyar na zaga ruga bakwai ina tambaya, ina faɗin sunanta. Ba wanda ya san su. Mama ta ce, "Wai ke wace iri ce? Allah ya rufa miki asiri, kina yawo kina ɗaga zane?" Maigidana ba ya hana ni, ba ya kuma raka ni.

Shekaranjiya mai shela ya tare ni a kasuwa, ba ba'a ko ɗaya a bakinsa. Ya ce wasu sababbin Fulani sun sauka ta wajen Kaugama, daga kudu suka taso, kuma akwai wata doguwar tsohuwa a cikinsu. Na wanke wa yarinyar rigunanta duka uku, na shanya. Na yi mata kitso. Ta tambaye ni ina za mu, na ce gaisuwa.